Kukar da Habu ya zana a Xintang

Da Allah zai ba ni ikon goge rana ɗaya daga cikin kwanakina, kamar yadda nake goge kuskure a bayan mota da tsumma da kananzir, da ban tsaya zaɓe ba. Wata Juma'a ce a Guangzhou, bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a gidan abinci, na buɗe baki na yi magana a kan ɗan'uwana Habu. Ban zage shi ba, ban ce ya yi sata ba. Da sunan nasiha na yi maganar, shi ya sa ɓarnarta ta fi ta zagi.

Sunana Iro. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Sana'ata fentin manyan motoci, kuma a Kano an san hannuna: zaki, mikiya, dawisu, furanni ta ko'ina har babu wurin da za ka ɗora yatsa. Habu ɗan goggona ne, sa'ana, taubashina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a wasan gida bawana ne, kuma a gareji ma kusan hakan take. Shi ke dama fenti, shi ke shafen farko, shi ke rubuta Larabcin saman gilashi domin hannunsa na allo ya fi nawa. Idan an gama, sunana ake sawa a ƙasa. Yana kirana Sarkin Fenti, rabi girmamawa rabi tsiya. Da sitika ta zo ta kashe mana kasuwa, wani dillali ya ce a China ana neman masu zane irinmu, muka yarda.

A unguwar Xiaobei ta Guangzhou muka fara sanin mun yi nisa da gida. Dillalin da ya ce zai tarbe mu ya kai mu wani masauki kusa da titin Huanshi, ya ce zai dawo da safe, wayarsa ba ta sake shiga ba. Ɗakin ba shi da taga. Sai ka farka ba ka san ko gari ya waye ba, babu kiran salla, babu carar zakara, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta. Kullum muka fita riƙe da takardar da ya rubuta mana sunan kamfanin, duk wanda muka nuna wa sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Kalmar da muka fara koya ke nan, kuma mun koye ta da kyau. Habu ya ce da ya san babu za mu zo saye, ai da ya tsaya a gida, can ta fi araha.

Akwai wani mai taliya, Musulmi ɗan ƙasar, mai farar hula. Ya lura kwano ɗaya muke saye mu raba, sai ya riƙa kawo mana kwano biyu da romo, ya raba taliyar da kansa, ya ƙara a kai ba tare da ya kalle mu ba. Har yau ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

Wanda ya tsamo mu Alhaji Mamman ne, mutumin zangon Kumasi, mai aika wa 'yan kasuwa kaya a kwantena. Ya ji muna gardama da Hausa a bakin titi, ya tsaya ya saurari labarinmu, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu ba na farko ba ne. Ya kai mu Panyu, ya ba mu ɗaki a bayan sitonsa, muna ɗaure kwalaye muna liƙa musu sunaye. A nan kewar gida ta kama ni sosai. Wata rana wani ɗan kasuwa ya buɗe jaka, warin daddawa ya fito, na fita waje don kada a ga idona. Habu ya biyo ni ya ce ashe sarakuna ma suna kuka a kan miya.

Alhaji Mamman ne ya ga zakin da na zana a jikin kwali don ɗebe kewa, ya ce ya san inda za a so wannan. Ya ɗauke mu zuwa Xintang, garin wandon jins. Ko'ina ƙarar keken ɗinki, ko'ina tarin wanduna, ƙurar ma shuɗiya ce, idan ka fyace hanci sai ka ga shuɗi. Ya haɗa mu da wata mata mai ƙaramar masana'antar aikin zare a aljihun bayan wando, muna kiranta Madam. Tana jin Turancin kasuwa, ni ma ina ɗan taɓawa, Habu kuwa ko kaɗan. Abin da take so shi ne zanen da samarinmu na gida za su so. Na zana mata zaki da mikiya, aka ɗinka, kaya suka tafi, oda ta dawo. Na sake zama Sarkin Fenti a ƙasar da ba ta ubana ba, Habu ya koma fiƙe mini fensir.

Da abin ya tsaya a nan, da ba ni da labarin bayarwa.

Mahaifin Madam, Tsoho Liang, yana zaune a ɗakin sama. Siririn mutum ne mai yawan shan shayi. Shi ya ga muna salla a tsakanin buhunan yadi, ya kira mu da hannu, ya share mana kusurwa a ɗakinsa, ya nuna mana da alama cewa nan ya fi tsabta. A ɗakin babu komai sai dogon tebur, da takardu, da burushi masu laushi a rataye, da wani dutse da yake niƙa baƙar tawada a kai. Ranar da Habu ya ga yana niƙawa, sai ya tsaya da sallaya a hannu, ya ce da ni, ai wannan gardi ne. Tsohon ya miƙa masa burushi. Habu ya riƙe shi a tsaye kamar yadda ya ga ana yi, ya ja harafin nun guda ɗaya, babba, ya ɗiga masa ɗigo. Tsohon ya kama wuyan hannunsa ya jujjuya yana dubawa kamar mai sayen rago. Ni ma aka ba ni na gwada. Hannuna ya saba da ƙarfe da fentin mai, na danna, takardar ta huje. Suka yi dariya su biyu, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Daga nan Habu ya zama ɗan ɗakin sama. Da an tashi aiki sai ya hau. Ba sa jin yaren juna, amma in ka saurara daga ƙasa sai ka ji suna hira, wannan da nasa wancan da nasa, ana dariya a inda ya dace. Ni da nake da Turanci, ba a nemana.

Wata rana tsohon ya ciro wani zane daga cikin zani, ya sa 'yarsa ta zauna ta fassara. Zanen fentin mai ne, irin na Turawa. Taga ce, bayanta rufin gidaje duk a karkace, sama koriya, inuwa shuɗiya, a bakin tagar ɗan kwano da tsinken cin abinci. A idona na mai fenti, aikin wanda bai iya jan layi ba ne. Habu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan mutumin yana jin sanyi, kuma ya daɗe bai ci abincin gidansu ba.

Madam ta ce kakan mahaifinta ne ya zana. Tun zamanin kakanninmu ya bi jirgin ruwa zuwa Faransa, lokacin da masu zane a can suka fara karya tsohon salo suna neman sabo. Ya wanke kwanuka, ya share ɗakunan masu zane, ya kwana da yunwa, har hannunsa ya fara jan hankalin mutane. Yana da aboki ɗan garinsu da suke ɗaki ɗaya, shi ma mai zane, sai dai shi ba a kallon nasa. Wannan abokin ne ya aika gida da labari cewa wane ya lalace, yana zana mata babu sutura, ya zubar da mutuncin zuri'a. Uban ya kira shi gida. Ya dawo, ya ƙone abin da ya zo da shi a tsakar gida, ya kama sayar da yadi har ya mutu. Wannan ɗaya ya tsira ne don matarsa ta toshe wani rami da shi a bango.

Ni na mayar wa Habu da labarin da Hausa. Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wannan aboki. Na ce amin. Wallahi na faɗe ta da gaske a lokacin. Amma labarin da aka ba mu don tausayi, ni sai ya kwanta a wani lungu na zuciyata ya zama dabara.

Tsohon yana da buri. Idan sabuwar shekararsu ta zo, zai rataye zanen kakansa a ɗakin sama, ya gayyato abokansa tsofaffin masu zane, kuma yana so a kusa da shi a rataye zanen wani baƙo da ya zana garinsu yana zaune a China. Baƙo kusa da baƙo, in ji shi. Ya ce mu duka biyu mu yi, zai zaɓi ɗaya.

Na sayi katako da fenti mai kyau, na zuba duk abin da na sani: ƙofar gari, zaki a dama, mikiya a hagu, dawisu, furanni kewaye, ban bar wurin da ƙuda zai sauka ba. Habu kuwa ya ɓata takardu da yawa, daga ƙarshe ya fito da ɗaya. Kukar bayan gidan Goggo ce a ƙauyenmu, can a gefe ɗaya, da igiyar guga rataye a reshe. Duk sauran takardar fari fat.

“Tawadar ce ta ƙare,” na ce, “ko ragwantar bayi ce ta motsa?”

“Sarki, ai filin na bar maka,” in ji shi, “ka zo ka ɗaure zakinka.”

Amma na gane wurin. Farin nan shi ne rana tsaka a bayan gidan Goggo, lokacin da babu kowa a rijiya. Na gane, shi ya sa raina ya ɓaci.

Tsohon ya dubi nawa ya ɗaga babban yatsa, ya sa aka kafa shi a ƙofar masana'anta. Masu wucewa har hoto suke ɗauka da shi, kuma da ina da hankali da wannan ya ishe ni. Da ya zo kan na Habu bai ɗaga komai ba. Ya je ya wanke hannu, sannan ya ɗauki takardar. Washegari na gan shi yana sassaƙa wani ɗan dutse kamar babban yatsa. Madam ta ce hatimi ne. A wurinsu mai zane ba ya rubuta suna kawai, jan hatimi yake bugawa a gefe, kuma idan malami ya sassaƙa wa mutum hatimi da hannunsa, to ya yarda ya zama mai zane.

Duk shekarun da muka yi a gareji, ban taɓa tunanin Habu yana da suna da za a sa a ƙasan wani abu ba. Abinci ya daina mini daɗi. In na ji ƙarar sassaƙar dutsen daga sama, kamar a haƙorina ake yi. In Habu ya yi mini wasa sai in ji kamar gori ne, alhali wasan da muka saba ne tun muna yara.

Ranar Juma'ar, mun shiga Guangzhou salla, muka zauna cin abinci da Alhaji Mamman da wasu 'yan kasuwa na Kano. Aka tambayi Habu labarin zanensa, domin ya riga ya yaɗu. Yana murmushi zai amsa, sai na riga shi. Na yi ƙasa da murya na ce, ni dai abin yana damuna, ku manya ku yi masa nasiha. Gidan da za a rataye zanen, gida ne da ake ƙona turare ga matattu, kuma taron ma don wani kakansu da ya mutu za a yi, wa ya san irin rusunawar da za a yi a gaban bangon.

Akwai wata 'yar jar kanta ta ƙona turare a gidan, gaskiya ne, amma a ƙasa take, bayan ƙofar baya. A ɗakin sama babu komai, a can muke salla kullum. Na sani sarai. Alhaji Mamman ya ajiye cokali ya ce, Iro, kai ka gani da idonka? Na ce turare dai ana ƙonawa a gidan. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, na dai jera gaskiya yadda za ta yi aikin ƙarya. Wani daga cikin 'yan kasuwar, mai son wa'azi a kan tebur, ya karɓe zancen, sauran suka taya shi. Ni da na yi shekara da shekaru ina zana zaki da tsuntsu, na zauna ina gyaɗa kai ana yi wa mai zanen bishiya faɗa. Hukuncin zane na malamai ne, ni ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne ba don Allah na yi maganar ba.

A motar komawa Habu bai yi wasa ba. Sai da muka fara hango tarin wanduna ya ce, “Ɗan kawu, kai ma haka ka gani?”

Na ce, “Ni dai lahira nake jiye maka.”

Da safe ya hau sama ya roƙi tsohon takardarsa. Ya sauko da ita zuwa famfon da muke alwala, ya tara ruwa a bokiti, ya tsuguna ya sa ta a ciki yana shafawa da tafin hannu, kamar yadda ake wanke allo. Allo in an wanke yana nan. Wannan takarda ce mai laushi, nan take ta narke, ruwan ya yi toka-toka. Madam ta fito tana faɗa da yarensu. Tsohon yana tsaye a kan matattakala. Ni ya kalla. Ya faɗa wa 'yarsa wata magana gajeriya, na tambaye ta me ya ce, ta ƙi fassarawa.

Kada in ɓoye, na zaci za a ɗauko nawa a kai sama. Sabuwar shekara ta zo, aka cika gari da jajayen fitilu, tsofaffin suka taru. Tsoho Liang ya rataye zanen kakansa, ya buga ƙusa a kusa da shi, ya bar ta haka babu komai. Na shiga gaisuwa, aka ba ni shayi da lemo, na zauna ina kallon ƙusar nan har shayin ya huce.

Habu bai daɗe ba ya ce gida zai koma, wai sanyi ba ya yi masa. Ya koma ƙauye ya kama sayar da hatsi. Ni na ƙara 'yan shekaru, har zakina ya tsufa, aka kawo masu zane da kwamfuta. Ranar da zan bar Xintang tsohon ya ba ni ɗan akwati, a ciki akwai dutsen hatimin da ɗan gwangwanin jan da ake buga shi da shi. Madam ta ce, na ɗan'uwanka ne. Na kawo shi Kano na cusa a ƙasan akwatin tufafina, domin in na kai masa dole in yi bayani. Mun haɗu a biki, mun haɗu a jana'iza, ya kira ni Sarki, na kira shi bawa, dutsen yana nan a ƙasan akwati.

Bara aka aiko cewa yanar ido ta rufe wa Habu gani, sai dai ya gane mutum da murya. Na ɗauki ɗan akwatin hatimin na tafi. Na same shi a gindin kukar nan, Goggo ta daɗe da rasuwa, rijiyar ma an rufe ta. Na sa masa dutsen a hannu, na faɗa masa komai, tun daga labarin kakan tsohon har zuwa teburin abinci. Yana ta shafa sassaƙar da yatsa.

“Sarkin Fenti,” in ji shi, “ai tun a mota na sani. Ni da nake salla a ɗakin nan, za a gaya mini abin da ke ciki?”

Na ce to me ya sa ya wanke.

Ya ce ya ga muddin takardar tana bango, ba zan ƙara kallonsa da idon ɗan'uwa ba, ga shi mu biyu ne kaɗai a ƙasar mutane, kuma uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Can ya ce, “Amma kada ka ɗauka bai yi mini ciwo ba. Shi kaɗai ne abin da na taɓa yi da ba za a sa sunanka a ƙasa ba.”

Ya ce in ba shi takarda ya ji yadda ake bugawa. Na yago daga kwalin magani, na buɗe gwangwanin. Jan ya bushe ƙamas a ƙasan akwatina, ya tsattsage kamar tabki a bazara. Ya danna dutsen a ciki, ya danna a takarda, ya tambaye ni ko ya fito da kyau. Na so in ce e. Na ce babu abin da ya fito.

Ya yi dariya ya ce meyo ke nan. Na ce zan kawo masa jan fenti daga Kano, ya ce a'a, fentina ya cika ƙarfi. Ya jefa dutsen a aljihu tare da carbinsa, ya ce ya yafe, kuma in tashi in je in ci tuwo kafin bayi su cinye.

Ya yafe, na yarda. Amma idon da zai sake zana kukar ya tafi, ƙusar nan kuma ban san ko har yau tana bango ba.

Ku da kuke shirin tafiya nema, ko kuna can yanzu ɗaki ɗaya da wani ɗan garinku, ina roƙonku abu guda. In Allah ya buɗa masa ƙofar da bai buɗa muku ba, sannan kuka ji nasiha ta taso muku a baki, ku dakata ku duba daga ina ta taso. In ta Allah ce, za ta iya jira ku keɓe ku biyu. In kuwa sai a gaban jama'a take son fita, ku haɗiye ta. Kada ku yi wa naku Habun abin da na yi wa nawa.